Amiloyid Yana Da Siffa: Raddi Ga Mai Cewa Tarkace Ne Kawai

Akwai wata makala da ke yawo a hannun ɗaliban likitanci da na kimiyyar sinadaran jiki, har na ji wasu masu koyarwa suna jinjina mata. Mai ita ya yanke hukunci cewa binciken siffar amiloyid, wato daskararren furotin ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer da Parkinson da danginsu, asarar dukiya ce da ɓata ƙuruciyar masu bincike. Zan yi masa adalci in jero hujjojinsa yadda ya kawo su. Ya ce amiloyid tarkace ne marar siffa, furotin ne da ya lalace ya cure kamar dafaffen farin ƙwai, kuma iri ɗaya ne a kowace cuta. Ya ce hotunan da ake nunawa a kwalba aka haɗa su, ba daga kan mutum suka fito ba. Ya ce an kama maguɗi a 2022, saboda haka ginin duka ya rushe. Ya ce tsofaffi da yawa suna ɗauke da amiloyid amma hankalinsu garau. Ya ce magunguna sun gaza. A taƙaice, mutum ne da ya karanta kanun labarai biyar ya mayar da su fatawa.

Hujja ta farko: wai tarkace ne marar siffa

Wannan ita ce ginshiƙin sauran, ita ce kuma mafi rauni, don haka a kanta zan daɗe.

Malam mai makalar ya zaɓi dafaffen ƙwai don ya nuna rashin tsari, bai san ya kira shaidar da za ta kayar da shi ba. A 1935, William Astbury na Jami'ar Leeds da ke Ingila ya ɗauki farin ƙwai da aka dafa, ya miƙe shi, ya haska masa eksire. Abin da ba shi da tsari dishi-dishi kawai yake bayarwa a irin wannan gwaji. Farin ƙwan kuwa zane ya bayar, wanda ya nuna cewa silsilar furotin ta jeru a kwance, ta gitta tsawon zaren. A 1959 Cohen da Calkins suka sa amiloyid na jikin ɗan Adam a madubin lantarki, suka ga zaruruwa miƙaƙƙu marasa rassa. A 1963 Michael Kidd a Landan ya duba sarƙaƙƙun abubuwan da Alois Alzheimer ya bayyana tun 1906 a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya tarar zare biyu ne murɗe da juna, murɗin yana maimaita kansa a kan tazara sananniya. A 1968 Eanes da Glenner suka auna: tsakanin hawa da hawa a tsawon zaren nanomita 0.47 ne, tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa kuma kusan nanomita 1. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Waɗannan lambobi sun girmi mafi yawan masu karanta makalar Malam, suna kuma cikin littattafan aji. Ta yaya mutum zai rubuta a kan amiloyid bai ci karo da su ba?

Ga abin da lambobin suke nufi. Kowane furotin silsila ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. A cikin amiloyid, silsila ɗaya tana kwanciya shimfiɗe ta zama hawa guda, ta lanƙwashe a wasu wurare ƙayyadaddu. Ta biyu ta zo ta kwanta a kanta da wannan lanƙwasa sak, kowane amino asid a saman ɗan'uwansa. Haka ta uku, haka ta dubu. Ɗaurin haidirojin yana riƙe kowane hawa da na sama da na ƙasa, kuma kowane hawa yana ɗan karkata kaɗan daga na ƙasansa, shi ya sa zaren yake fitowa a murɗe. Bakin zaren shi ke tilasta wa sabon furotin da ya iso ya ɗauki naɗin wanda ya riga shi. Da wannan ne zaren yake tsawo, idan ya karye kuma kowane guntu ya zama iri. A 2005 David Eisenberg da abokan aikinsa a Los Anjalos suka fitar da matsayin kowace zarra a cikin wani guntu mai amino asid 7, suka nuna yadda rassan gefen shimfiɗu biyu suke shiga tsakanin juna har ruwa ba ya samun wurin zama. Wannan busasshiyar haɗuwa na daga cikin dalilan da suka sa amiloyid yake jure zafi da sabulun gwaji da sinadaran da jiki ke narkar da furotin da su. Taurinsa daga tsarinsa yake. Da tarkace ne, da jiki ya share shi tuntuni.

Na san inda Malam zai ja da baya. Zai ce to, yana da siffa, amma siffar ɗaya ce a ko'ina, me ya rage a bincika? Yana da ɗan madogara, domin Christopher Dobson ya nuna cewa furotin iri-iri, har da wanda ba ruwansa da wata cuta, yana iya zama amiloyid idan aka matsa masa. Jeri na hawa-hawa kowa yana da shi. Amma kama da wane ba wane ba ce, kuma a nan ne makalar ta bar shekaru na bincike a baya kamar ba a yi su ba.

A 2017, shekarar da Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson suka karɓi kyautar Nobel saboda madubin lantarki mai duba samfurin da aka daskarar cikin ƙanƙara, rukunin Michel Goedert da Sjors Scheres a Kambirij suka wallafa a mujallar Nature siffar zaren furotin tau da aka ciro daga ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da cutar Alzheimer. Bernardino Ghetti na Jami'ar Indiyana ne ya samar da ƙwaƙwalwar. Tau mafi tsawo a ƙwaƙwalwa yana da amino asid 441, amma waɗanda suka daskare suka zama zuciyar zaren daga na 306 ne zuwa na 378, sauran suna reto a waje. Zuciyar ta naɗe kamar harafin C, biyu suna haɗuwa su ba da tagwayen zaren da Kidd ya hango tun 1963. Sai aka duba wasu mamatan, masu cutar ta gado da waɗanda ta faɗo musu haka kawai. Naɗin bai sauya ba. Mutane daban, iyali daban, asibiti daban, naɗi ɗaya.

A 2018 suka juya ga cutar Pick, wadda ke cin gaban ƙwaƙwalwa ta sauya halin mutum da maganarsa. Furotin ɗin tau ne dai, amma naɗin dogo ne siriri, ya fi kusa da harafin J, kuma amino asid ɗin da suka shiga zuciyarsa sun fi yawa. A 2019 suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan damben boksin biyu da wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, waɗanda yawan dukan kai ya bar musu cutar da ake kira CTE. Naɗin ya yi kama da na Alzheimer amma ya fi buɗewa, kuma a cikinsa akwai wani rami da ke riƙe da wani sinadari wanda ba furotin ba ne. Dukkan ukun naɗinsu ɗaya. A 2020 aka fitar da na cutar CBD, mai ninki huɗu. A 2021 aka fitar da na PSP, mai ninki uku, aka kuma jera cututtukan tau gida-gida bisa naɗinsu. A 2023 aka tarar da naɗin CTE a ƙwaƙwalwar waɗanda ƙyanda ta bar wa wata cuta mai cin ƙwaƙwalwa bayan shekaru, da kuma ta mutanen tsibirin Guam da yankin Kii na Japan masu wata cutar jijiya ta daban. Wannan ya sa masana tambayar ko kumburin ƙwaƙwalwa mai daɗewa shi ne mahaɗarsu. Tambaya ce da ba wanda zai yi ta in ba don siffar ba.

Ba tau kaɗai ba ne. Furotin alfa-sinukilin yana taruwa a cutar Parkinson, yana kuma taruwa a cutar MSA wadda ta fi ta saurin kisa. A 2020 aka ga naɗin MSA, a 2022 aka ga na Parkinson, kuma ba su haɗa hanya ba. Shi kansa amiloyid-bita mai amino asid 42, wanda ke yin curi a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, an fitar da shi daga mamata a 2022: naɗi biyu ne masu kama da harafin S, ɗaya ya fi yawa a masu cutar da ba ta gado ba, ɗayan a masu ta gado. Haka kuma an daɗe ana mamakin yadda furotin firiyon guda ɗaya, ba tare da ƙwayar gado ba, yake haifar da cuta iri daban-daban a dabbobi, kowace da tsawon kwanciyarta da wurin da take ci a ƙwaƙwalwa. Tun daga 2021 aka fara ganin zaruruwan firiyon da ido, aka tarar kowane iri da naɗinsa.

To, ina "iri ɗaya" a nan? Furotin ɗaya, naɗi daban, cuta daban. Cuta ɗaya, mutane daban, naɗi ɗaya. Ba a samun irin wannan daidaito a shara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Malam bai musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba. Bai ambace su ba sam. Da ya kawo su ya soke su, da mun zauna mun yi muhawara. Amma a yanke hukunci a kan fage guda ba tare da an leƙa shi ba, wannan raini ne ga mai karatu.

Kuma abin ya riga ya isa asibiti. Sinadarin flortaucipir, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020 don ɗaukar hoton tau a ƙwaƙwalwar mai rai, yana kama tau na Alzheimer da kyau, amma rauninsa a fili yake a kan na PSP da CBD. Idan duk curi ɗaya ne, me zai sa ya zaɓa? Yana zaɓa ne domin lungun da yake shiga yana cikin wani naɗin, babu shi a wani.

Hujja ta biyu: wai a kwalba aka haɗa su

Wannan suka ce ta gaskiya, amma ta jiya ce, kuma masu fagen ne suka fara yi wa kansu ita. Shekara da shekaru ana zuba wa tau sinadarin hefarin a ɗakin gwaji don ya daskare, ana ɗauka cewa abin da ya fito shi ne na cuta. A 2019 mutanen Kambirij ɗin nan suka sa waɗannan zaruruwa a madubi, suka bayyana wa duniya cewa ba ɗaya da ya yi daidai da na ƙwaƙwalwar mai cuta. Tun kafin nan, a 2013, Robert Tycko a Amurka ya riga ya nuna cewa amiloyid-bita da aka tsiro daga irin ƙwaƙwalwar majinyata ya bambanta da wanda aka haɗa daga sinadari zalla. Wato binciken siffa shi ne ya tona kuskuren kwalba. Malam ya ɗauki abin da fagen ya gano ya jefi fagen da shi.

Duk siffofin cututtukan da na jero a sama tun daga na 2017 daga ƙwaƙwalwa aka ciro su. Idan ya ce wankin da ake yi wa naman ƙwaƙwalwa da sabulun gwaji yana iya zaɓar wasu zaruruwa ya zubar da wasu, wannan damuwa ce mai ma'ana, kuma a 2024 masu bincike a Leeds suka daskarar da yankan ƙwaƙwalwar mamaci suka duba zaruruwan a mazauninsu ba tare da cirowa ba. Har ila yau, a 2022 Sofia Lövestam ta gano yadda za a sa guntun tau ya ɗauki naɗin Alzheimer a kwalba, kuma da ta sauya gishirin da ke cikin ruwan sai naɗin CTE ya fito. Yanzu kwalba tana da mizanin da ake auna ta da shi. Ci gaba ke nan, Malam ya kira shi yaudara.

Hujja ta uku: maguɗin 2022

An yi maguɗi, ba mai kare shi. A watan Yulin 2022 mujallar Science ta wallafa rahoton Charles Piller, bisa abin da likita Matthew Schrag ya bankaɗo, cewa an taɓa hotuna a wata takarda ta 2006 da Sylvain Lesné na Jami'ar Minnesota ya jagoranci gwaje-gwajenta. Nature ta janye takardar a 2024. Abin kunya ne, ya kuma ɓata wa masu gaskiya suna.

Amma a kan me takardar take? A kan wani ƙaramin dunƙule mai narkewa da suka kira Aβ*56, wanda suka ce yana sa ɓeraye mantuwa. Ba zare ba ne, ba a taɓa fitar da siffarsa ba, kuma ba ko ɗaya cikin siffofin da na ambata da ya jingina da shi. Ginin ya girme ta da shekaru. Glenner da Wong sun karanta silsilar amiloyid-bita a 1984. A 1987 aka gano ƙwayar gadon da ke samar da shi tana kan kuromosom na 21, wanda masu lalurar Down suke da uku maimakon biyu, kuma kusan dukkansu curin amiloyid yana bayyana a ƙwaƙwalwarsu zuwa shekara 40. A 1991 Alison Goate da John Hardy suka sami sauyi a wannan ƙwayar gado a wani iyali na Ingila da cutar ke bi. A Antioquia ta ƙasar Kolombiya, Francisco Lopera ya ƙarar da rayuwarsa yana bin wata zuriya mai dubban mutane, waɗanda sauyi guda a sinadarin da ke yanka amiloyid-bita yake jefa su cikin mantuwa kafin su kai 50. A 2012 kuma aka gano akasin haka a Aislan: sauyin da ke rage samar da amiloyid-bita yana kare masu shi daga cutar. Wanne daga cikin waɗannan Lesné ya zana? Malam ya amsa.

Hujja ta huɗu: tsofaffi masu amiloyid da hankalinsu

Haka ne. A cikin masu cikakken hankali, kusan kashi 10 cikin 100 suna da shi a shekara 50, ya haura kashi 40 a shekara 90. Sai dai binciken da aka yi a kan iyalai masu cutar ta gado, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna curin yana fara taruwa kimanin shekara 15 kafin alama ta farko. Tun 1991 kuma Heiko da Eva Braak suka nuna cewa yaɗuwar tau ce ke tafiya da tsananin cutar. Tau ɗin nan shi ma amiloyid ne. Malam ya haɗa amiloyid-bita da amiloyid gaba ɗaya ya ɗauke su abu guda, kuskuren da ake gyara wa ɗalibi tun a farkon darasi.

Hujja ta biyar: magunguna sun gaza

Da yawa sun gaza, waɗanda suka yi aiki ma aikinsu kaɗan ne. Lecanemab, a gwajin mutum 1,795 na wata 18, ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100, ga haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa, ga tsadar dala 26,500 a shekara da aka sa masa a 2023. Ba waraka ba ce. Amma an ƙera shi ne kafin a ga siffar zaren da ke cikin kan mutum, to ta yaya rauninsa zai zama hujja a kan sanin siffa? Inda aka san siffar furotin tun da wuri, an ga amfani. Tafamidis, wanda ya fito daga aikin Jeffery Kelly, yana riƙe furotin tiranstairetin kada ya warware ya zama amiloyid, kuma a gwajin 2018 ya rage mutuwar masu amiloyid na zuciya da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan ma ya shafe mu kai tsaye, domin wani sauyin gado da ke jawo cutar, wanda kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙar fatar Amurka ke ɗauke da shi, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne.

Sauran abin da ya faɗa game da kamfanoni da kuɗi bai taɓa siffar komai ba, ba zan tsaya a kansa ba.

Akwai muhawara ta gaske da Malam zai iya shiga da mutuncinsa. Shin amiloyid-bita ne ke kunna wutar, ko yana cikin masu hura ta? Zaren ne ke kashe ƙwayar ƙwaƙwalwa, ko ƙananan dunƙulen da ke gabatar sa? An zuba kuɗi a hanya ɗaya an bar jijiyoyin jini da kumburi? Masana irin su Karl Herrup suna yin wannan suka da ilimi, kuma ana sauraronsu. Ba ɗayansu da ya ce amiloyid ba shi da siffa. Fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici irin namu, kuma ɗalibanmu da ya kamata su shiga wannan fage su ne ake ce wa babu komai a cikinsa. Wannan cutarwa ce, ba zan yi shiru a kanta ba.

Gani ya kori ji. Rumbun siffofin furotin na duniya, Protein Data Bank, a buɗe yake kyauta ga duk mai intanet. Malam ya rubuta 5O3L ya ga tau na Alzheimer, ya rubuta 6GX5 ya ga tau na Pick, ya ajiye su gefe da gefe. Idan ya ga abu ɗaya, ya rubuta ya nuna mana. Idan ya ga biyu, ya janye makalarsa a gaban ɗaliban da ya ɓatar.